Ɗigon Ruwan Kududdufi: Me Ya Haɗa Malamin Hausa da Binciken Ƙananan Halittu?

Gabatarwa

A Unguwar Rimi da ke arewacin kogin Kaduna, a kan Titin Surame, akwai wata tsohuwar cibiya wadda jama'a ke wuce ta safe da yamma ba tare da yawancinsu sun san abin da ake yi a cikinta ba. Ita ce Cibiyar Binciken Cutar Sammore da Ciwon Barci ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NITR. An kafa ta a shekarar 1947, zamanin mulkin Turawa, domin ta yi wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila aiki, sannan a 1964 ta koma hannun Nijeriya. Tushen aikin wannan cibiya, da na reshenta da ke Vom, ya ta'allaƙa ne a kan wata 'yar halitta mai ƙwaya ɗaya tal, wadda ido ba ya iya gani, da kuma ƙudan tsando da ke ɗaukar ta daga jiki zuwa jiki.

Idan aka shaida wa mutumin kan titi cewa akwai masu manyan digirori da ke kiwon ƙuda a keji suna ciyar da shi da jini, zai yi murmushi, amma zai yi musu uzuri, domin ya san sammore na kashe shanu, ciwon barci kuma ya taɓa tayar da garuruwa. Uzurin nan kuwa yakan ƙare ne da zarar an ce masa akwai wasu masanan da suka ƙarar da rayuwarsu a kan wata halittar kududdufi wadda ba ta cutar da mutum, ba ta cutar da dabba, ba a ci, ba a sayarwa. A nan ne za a ji an ce rashin aikin yi ne, ko kuma wasan waɗanda suka ƙoshi. Ra'ayin da wannan rubutu ke ɗauke da shi shi ne, wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada ga al'ummar da ke fama da cuta da talauci. Haka nan malamin makaranta, musamman malamin Hausa, yana da hannu wajen dasa shi a zukatan yara, kamar yadda yake da ikon tumɓuke shi.

Zakaran Gwajin Dafi

A shekarar 1674 wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek, ya ɗebi ruwan tafki ya duba shi da wani ɗan madubin ƙara girma da ya goge da hannunsa. Abin da ya gani ya ba shi mamaki: halittu birjik suna iyo, suna karo da juna, suna kiwo. Daga cikin jinsunan da aka tantance daga baya akwai rukunin masu gashi, wato waɗanda jikinsu ke lulluɓe da ɗaruruwan siraran gasu da suke kaɗawa domin su yi iyo, su kuma janyo abinci zuwa bakinsu. Wadda ɗaliban sakandare suka fi sani a wannan rukuni ita ce faramisiyom, mai siffar tafin takalmi, wadda ake zanawa a allo ana haddace sunayen sassanta. Amma wadda ta fi yi wa kimiyya hidima ita ce ƙanwarta, tetirahaimina.

Tsawon tetirahaimina bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba. Idan ta sami abinci da ɗumi, takan rabu biyu a cikin awa biyu zuwa uku, ta yadda 'yan kaɗan da aka zuba a kwalba yau za su zama dubbai kafin gobe da yamma. A 1923 wani masani Bafaranshe, André Lwoff, ya yi nasarar renon ta ita kaɗai a cikin romo mai tsabta, ba tare da wata halitta ta gauraya da ita ba. Wannan shi ya buɗe ƙofa, domin duk abin da aka gani a kwalbar, an tabbata aikinta ne. Tana da cibiya biyu a cikin ƙwayarta, ƙarama wadda ke adana gado domin zuriya, da babba wadda ke gudanar da harkokin yau da kullum. Wani abin al'ajabi kuma, maimakon jinsi biyu da aka saba da su, ita jinsi bakwai gare ta, kuma kowane jinsi na iya haɗuwa da kowanne in ban da irin nasa.

Mafarautan dauri, idan sun harhaɗa dafin kibiya, a jikin zakara suke fara gwada shi, daga nan ne harshe ya sami “zakaran gwajin dafi”. Abin da masana ke yi da irin wannan halitta ke nan. Ba don suna ƙaunar ta suka zaɓe ta ba. Sun zaɓe ta ne don tana da arha, tana hayayyafa da sauri, kuma tsarin cikin ƙwayarta ya yi kama da na ƙwayoyin jikin mutum da na saniya da na dawa. Tambayar da ba za a iya yi wa jikin ɗan Adam kai tsaye ba, sai a yi wa ita. Da aka kammala karanta kundin gadonta a 2006, an ƙiyasta cewa umarnin gado da take ɗauke da su sun kai 27,000, alhali na mutum ba su wuce kimanin 20,000 ba.

Abin da Aka Tsinta a Kududdufi

A tsakiyar shekarun 1960, Ian Gibbons ya so ya san abin da ke kaɗa gasun jikin wannan halitta. Ya tsige gasun, ya tace su, ya gano wani furotin mai aiki kamar ɗan inji, ya sa masa suna dayinin. Daga baya sai aka gane cewa irin wannan inji ne ke kaɗa gasun da ke share ƙura da majina daga hanyar numfashin mutum, shi ne kuma ke kaɗa wutsiyar ƙwayar maniyyi. Ke nan akwai masu fama da tarin da ba ya jin magani tun suna yara, da mazan da ba sa haihuwa, waɗanda ba a fahimci larurarsu ba sai ta hanyar gashin wata halittar kududdufi. A 1982 kuma, Thomas Cech na Jami'ar Kolorado ya gano a jikinta cewa sinadarin RNA, wanda aka ɗauka ɗan aike ne kawai, yana iya yanke kansa ya kuma ɗinke kansa ba da taimakon furotin ba. Wannan ya rushe wata ƙa'ida da ke rubuce a kowane littafin karatu na lokacin, ya kuma jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1989, tare da Sidney Altman.

Sai dai labarin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na bakin zaren gado. Bayanan gado na kowace halitta a rubuce suke a jikin wasu dogayen zarurruka da ake kira kuromozom, da haruffa huɗu kacal, waɗanda masana ke wakilta da A da C da G da T. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, dole ta kwafi zarurrukan nan. To, tun farkon shekarun 1970 aka lura da wata matsala: na'urar da ke kwafin ba ta iya kaiwa ƙarshen zare, kullum sai ta bar ɗan guntu. Idan haka ne, ya kamata a ce zaren yana gajarcewa a kowace rabuwa, har wata rana ya cinye rubutun da ke jikinsa. Duk wanda ya taɓa tufka igiya ya san idan ba a ƙulle bakinta ba za ta warware, kamar yadda zane ke zarewa idan tela bai kalmasa bakinsa ba. Tambayar ita ce, wane irin ƙulli ne ke bakin zaren gado, kuma wa ke sabunta shi?

Ƙwayar jikin mutum tana da zare 46, wato baki 92 ke nan, adadin da ya yi kaɗan ƙwarai ga kayan aikin wancan zamani. Ita kuwa tetirahaimina, babbar cibiyarta na daddatsa zarurrukanta ta kuma yi ta kwafinsu, har ƙwaya ɗaya ta tara bakuna dubbai. Mai son nazarin ƙaho ai kara ya kamata ya nufa, ba gidan mai saniya ɗaya ba. Wannan dalili ne ya kai Elizabeth Blackburn, haifaffiyar tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, ga wannan halitta, lokacin da take aiki da Joseph Gall a Jami'ar Yale. A 1978 suka bayyana cewa bakin zaren ba komai ba ne illa wata 'yar kalma mai harafi shida, TTGGGG, da aka yi ta maimaitawa. A 1982 ita da Jack Szostak suka ɗauki wannan ƙulli suka ɗaura a bakin zaren yis, ya kuwa kare shi, abin da ya nuna cewa dabarar ba ta halitta ɗaya ba ce. A ranar 25 ga Disamba 1984, ɗalibarta Carol Greider, tana da shekara 23 a duniya, ta ga alamar farko ta sinadarin da ke ƙara wa bakin zaren tsawo. Shi ne aka sa wa suna telomares, ƙullin kansa kuma telomiya.

Babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da ya fita neman maganin wata cuta. Amma a yau an san cewa a yawancin ƙwayoyin jikin baligi wannan sinadari a kashe yake, shi ya sa ƙwayoyin ke da iyakar yawan rabuwa, kuma kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na cututtukan daji sukan sake kunna shi ne domin su yi ta yaɗuwa ba iyaka. An ba su lambar Nobel a 2009. Maganin farko da ke aiki ta hanyar toshe wannan sinadari bai sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka ba sai a 2024, don wata cutar ɓargo. Daga 1978 zuwa 2024 shekara 46 ke nan. Da wani akawu ne ya tsaya a kan Blackburn a shekara ta biyu yana neman ta nuna ribar kuɗin da aka kashe, da ya rufe ɗakin gwajin, kuma da babu wanda zai ce bai yi daidai ba a lissafin wannan shekarar.

Komawa Kaduna

Mai karatu na iya cewa duk wannan labarin Amurka ne. Ba haka ba ne, domin zaren labarin ya biyo ta ƙasar Hausa. Ƙwayar sammore, wadda masana ke kira tirifanosoma, ita ma halitta ce mai ƙwaya ɗaya, sai dai maimakon gasu masu yawa, wutsiya ɗaya gare ta mai kama da bulala. Wanda ya raɗa mata wannan suna shi ne David Gruby, a birnin Faris a 1843, kuma a jinin kwaɗo ya gan ta. Kwaɗo fa! Sai bayan shekara hamsin da 'yan kai, a 1895, David Bruce ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa 'yar'uwar wannan halitta ce ke kashe shanu, kuma ƙudan tsando ne ke yaɗa ta. A farkon ƙarni na 20 aka same ta a jinin mutum a Gambiya. Da ba a riga an san ta a jikin kwaɗo da kifi ba, da gane ta a jinin saniya ya fi haka wuya.

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna mai yawa a ƙasar Zazzau. Abin da aka yi a Anchau daga ƙarshen waɗannan shekaru ya samo asali ne daga aikin da za a iya ɗauka na ɓata lokaci ne. Wani masanin ƙwari, T. A. M. Nash, ya shafe shekaru a Gadau yana auna zafi da laima a inda ƙudan tsando ke fakewa. Ya tabbatar cewa nau'in da ke bin rafuka ba ya jure zafin rani idan babu inuwar kurmi. Ke nan ba sai an sare daji duka ba, ya isa a share bakin rafi. A kan wannan aka tsara aikin Anchau, aka share rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Ba za a ɓoye ba cewa aikin na mulkin mallaka ne, an tayar da mutane daga gidajensu, an kuma sa su aikin gayya ba da son ransu ba. Amma ilimin da aka gina shi a kai ingantacce ne, kuma cutar ta ja da baya.

Babbar tambayar da ta daɗe tana damun masu binciken sammore ita ce, me ya sa jiki ba ya iya gamawa da wannan ƙwaya, kuma me ya sa aka kasa yi mata allurar rigakafi? Amsar ita ce, ƙwayar tana sanye da riga ta furotin wadda ta rufe ta ruf. Da zarar garkuwar jiki ta gane rigar ta far mata, sai 'yan kaɗan daga cikinsu su sauya wata, kamar ɓarawon da ke shiga lungu ya fito da sabuwar shiga. Tana da umarnin ɗinka irin waɗannan riguna fiye da dubu a cikin kundin gadonta, amma ɗaya take sawa a lokaci guda. Shi ya sa zazzaɓin ke tafiya yana dawowa, dabba tana ramewa har ta kwanta. Daga cikin ayyukan da suka bayyana tsarin wannan sauyin riga akwai na A. R. Gray, wanda ya yi a cibiyar nan ta Nijeriya a shekarun 1960.

Inda labaran biyu suka haɗu shi ne, umarnin rigar da ƙwayar ke sanye da ita kullum a gefen bakin zare yake zaune, dab da telomiya. Saboda haka masu binciken sammore suka shiga nazarin bakin zare, har a 1983 wata ƙungiya a ƙarƙashin Piet Borst a birnin Amsterdam ta lura cewa bakin zaren wannan ƙwaya yana ƙara tsawo yayin da take hayayyafa. Wannan na cikin hujjojin da suka ƙarfafa wa Blackburn gwiwa cewa lallai akwai wani sinadari mai ƙara tsawon. Ita da kanta, a 1984, ta karanta kalmar da ke bakin zaren ƙwayar sammore, ta same ta TTAGGG. Da aka karanta ta mutum a 1988, sai ga shi kalmar ɗaya ce, harafi da harafi. Ashe halittar da ke kashe shanun Fulani a kwarin Binuwai ta taimaka wajen fahimtar ciwon daji, halittar kududdufi kuma ta taimaka wajen fahimtar dabarar mai kashe shanun.

Akwai ƙarin misali na kusa. Wani nau'in ƙwayar sammore da aka ɗebo daga jinin wata saniya a yankin Zariya a shekarun 1970, wanda aka yi wa lamba Y486, ya zama abin da ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashe da dama ke aiki da shi, domin yana yarda ya rayu a jikin ɓera. Da zuriyarsa aka yi gwajin da aka buga a 2021 a Ingila, wanda ya nuna cewa akwai wani furotin da ba ya sauyawa, kuma allurar da aka yi da shi ta kare ɓeraye. Ɓera ba saniya ba ne, tafiyar kuma da saura. Amma abin lura shi ne, saniyar ta nan ce, sakamakon kuwa a can aka girbe shi. Ba kuma don babu masu basira a nan ba. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya lashe babbar lambar kimiyya ta Nijeriya a 2009, shekarar da aka ba su Blackburn tasu, saboda aikinsa a kan wani sinadari da ƙwayar sammore ke amfani da shi wajen lalata jajayen ƙwayoyin jini. Ya rasu a 2017 yana Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna.

Hujjar Masu Suka

Masu sukar irin wannan bincike ba wawaye ba ne, kuma bai kamata a raina hujjarsu ba. Suna cewa ƙasar da yara ke zama a ƙasa a aji, asibitocin karkara ba su da magani, ba ta da hurumin kashe kuɗi a kan tambayar da ba a san ranar amsarta ba. Suna ƙara da cewa ana ba da labarin waɗanda suka dace ne kawai, ba a ambaton ɗaruruwan da suka tsufa a ɗakin gwaji ba su gano komai ba. Wannan magana ta biyu gaskiya ce tsagwaronta. Har ma za a iya ƙara musu da cewa 'yan kasuwa sun fake da sunan telomiya suna sayar da ƙwayoyi da mayuka da sunan hana tsufa, alhali babu tabbatacciyar hujja a kan haka.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne zaton cewa ana iya sanin tambayar da za ta yi riba tun kafin a yi ta. Maganin ciwon barci da ake kira eflonitin, wanda aka amince da shi a 1990, don ciwon daji aka fara haɗa shi, bai yi wani tasiri a can ba, sai wani masani da ke nazarin yadda ƙwayar sammore ke sarrafa abincinta ya gwada shi a kanta. Kafin zuwansa, babban maganin da ake da shi ga wanda cutar ta kai wa ƙwaƙwalwa mai guba ne, yana kashe kusan mutum ɗaya cikin ashirin da aka yi wa shi. Manomi ma ba ya sanin ƙwayar da za ta tsiro a cikin irin da ya zuba a rami, bai kuwa taɓa cewa don haka zai jefa ɗaya tal ba.

Batun tsada kuma, a nan ne aka fi yin kuskure. Abin da ya sa aka zaɓi waɗannan halittu tun asali shi ne arharsu. Ba sa bukatar keji, ko likitan dabbobi, ko abinci na musamman, kuma zafin ɗaki irin na Kaduna ya ishe su. Idan akwai reshen kimiyyar zamani da talaka zai iya shiga da ƙafar dama, to wannan ne. Tun a 1980, a Tsarin Legas, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasashensu domin kimiyya da bincike, kuma Nijeriya ba ta cika wannan alkawari ba. Sai dai ko da an ware kuɗin gobe, ba za su haifar da masu tambaya ba. Masu tambaya a aji ake renonsu, tun suna 'yan shekara tara ko goma.

Rabon Malamin Hausa

Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa zai iya cewa wannan aikin malamin kimiyya ne. To amma yaro da harshensa yake tunani, kuma kalmar da aka ba shi ita ke shata masa iyakar abin da zai hango. A dubi yadda ake kiran duk wata halitta da ido ba ya gani da suna “ƙwayar cuta”. A rediyo haka ake faɗa, a asibiti haka, a aji ma haka. Sakamakon shi ne yaro ya tashi da imanin cewa duk abin da ke cikin wannan ɓoyayyiyar duniya maƙiyi ne, ba abin da ya dace da shi sai sabulu da tafasasshen ruwa. Alhali a cikin dubban nau'o'in masu gashi, guda ɗaya tak aka sani tana sa wa mutum cuta. A cikin tumbin kowace lafiyayyar saniya kuwa akwai masu gashi da yawansu kan kai dubu ɗari ko fiye a kowace milimita ta ruwan tumbin, suna cikin rundunar da ke narkar da ciyawa. Wanda ya fara bayyana su, tare da abokin aikinsa Delafond, shi ne Gruby ɗin nan na jinin kwaɗo, a shekarar nan ta 1843. Nonon da ake dama fura da shi ya biyo ta hannun halittun da harshe ya yi wa jam'u ya kira cuta.

Ita kanta kalmar “ƙwaya” an ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. Ga ƙwayar hatsi, ga ƙwayar ido, ga ƙwayar magani, ga ƙwayar da matasa ke sha su yi maye, sannan ga ƙwayar halitta, wadda wani marubuci ke nufin tubalin ginin jiki da ita, wani kuma ke nufin umarnin gado. Malamin da ya karanci ilimin ma'ana ya san cewa harshe na jure irin wannan a hira, amma darasin kimiyya ba ya jurewa. Aikinsa ne ya zauna da malamin kimiyya su rarrabe: wannan “ƙaramar halitta” ce, idan tana cutarwa sai a ce “mai sa cuta”, wancan “tubalin jiki” ne, wancan kuma “umarnin gado”. Inda Hausa ke da hoto mai kyau, a yi amfani da shi, kamar “masu gashi” da “masu bulala” da “ƙullin bakin zare”, domin yaro na jin su zai ga abin a zuciyarsa. Inda babu, a ari kalmar a yi mata kwaskwarima bisa tsarin sautin Hausa, a raba cunkoson baƙaƙe da wasali, a mayar da “p” ta zama “f”, kamar yadda magabata suka yi wa “asibiti” da “fensir”. Abin da ba shi da amfani shi ne ƙirƙiro doguwar jimla mai kalma takwas a ce suna ce, domin ba mai maimaita ta sau biyu.

Ba sabon aiki ba ne wannan. Tun wajen 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fara fitar da jerin littattafan Ikon Allah a Zariya, inda suka yi bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausar da ɗan firamare zai fahimta. A 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ne ya sa a yau ake koyar da ilimin furuci da ginin jimla da Hausa tun daga sakandare har jami'a. Abin da aka yi wa nahawu ana iya yi wa ilimin halittu, kuma waɗanda za su yi shi su ne masu zama a azuzuwan kwalejojin ilimi a yanzu.

Sai dai kalma ba ta zama a kai idan ido bai ga abin ba, kuma yawancin ɗaliban da suka zana faramisiyom a jarrabawa ba su taɓa ganin ta tana motsi ba. Hanyar nuna ta kuwa ba ta da wuya. A sami kwalba mai faɗin baki, a zuba busasshiyar ciyawa ko ɗan karan dawa, a cika da ruwan kududdufi, irin wanda ke kwanciya a Rafin Guza ko a gefen kogi ta wajen Malali da Kabala bayan ruwan sama. A ajiye ta a inuwa a buɗe. Bayan kwana biyar zuwa mako guda za a ga wata 'yar yana a saman ruwan, a nan ne halittun ke taruwa. Ɗigo ɗaya ya isa. Makarantar da ba ta da madubin ƙara girma tana iya aro daga maƙwabciyarta, akwai kuma wani na takarda mai suna Foldscope da Manu Prakash na Jami'ar Stanford ya fito da shi a 2014, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, yana kuma ƙara girman abu sau 140, wanda ya wadatar a ga masu gashi suna iyo. Wanda ke kusa da kwata yana iya karɓo ruwan tumbi da ɗuminsa, amma sai an duba shi da wuri, domin halittun cikinsa ba sa jure sanyi da iska.

Malami ne zai ɗebo ruwan da kansa, da ludayi mai dogon hannu, kada ya tura yara su shiga, saboda tsargiya, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan darasi. Idan yaran sun gama dubawa, sai malamin Hausa ya karɓi ajin, ya sa kowane ɗalibi ya rubuta sakin layi ɗaya na siffantawa a kan abin da ya gani: siffarsa, da yadda yake tafiya, da abin da yake yi idan ya ci karo da wani abu, da kuma sunan da shi ɗalibin zai raɗa masa da a ce shi ya fara ganin sa. Sunayen da suka fi dacewa a rubuta su a allo, a tattauna dalilin dacewarsu, a adana su a littafin aji domin 'yan shekara mai zuwa.